Farin Almiskin Da Ba Ki Ji Ba

Zuwa ga yayata Hajara, a Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Mu nan Unguwar Shanu sai godiyar Allah. Baba yana nan da sauƙi, ƙafa ce dai ta hana shi zuwa Juma'a, yanzu iyakarsa masallacin ƙofar gida.

Na san za ki yi mamakin ganin sunanki a shafin jarida, ke da ko a gidan suna ba kya son a ɗaga murya wajen kiran ki. Ki yi haƙuri. Da na ga dama da na ba direbobin tashar Kawo takarda sun kai miki har gida. Amma abin da aka yi miki a tsakar gida aka yi shi, a gaban matan haya da maƙwabta da masu leƙe ta katanga, aka kira ki maƙaryaciya. Bai dace a ɓata ki a fili sannan a wanke ki a ɗaka ba. So nake waɗanda suka ji wancan su ji wannan, kuma so nake ki zo gida. Rabonki da Kaduna tun sadakar arba'in ɗin Inna.

Bari in tuna miki, ba don kin manta ba, sai don masu karatu ba su san mu ba.

Kin san Inna da sana'arta. Tun da Baba ya ɗauko ta daga Katsina, shi yana tuƙa babbar mota, ita tana haɗa turaren wuta da humra, babu amaryar da za a kai ɗaki daga unguwarmu har Rafin Guza ba da kwalbar Inna a cikin kayanta ba. Gidanmu ba a tambayar kwatancensa, ƙamshi ake bi. Ko a makaranta, malamai da sun shigo aji sun san 'ya'yan mai humra sun zo.

Ke ce kike son aikin, Yaya. Ni wasa ne a gabana. In Inna ta ɗora kasko za ta narka sukarin da ake soya itacen turare da shi, kina tsugune a gefenta kina kallon yadda yake juyewa daga fari zuwa ruwan zuma, ni kuwa ina ƙofar gida ina 'yar gala-gala. Hannunki ya fi nawa a wajen wuta, har gobe. Ban taɓa ganin sukari ya ƙone miki ba, ni kuwa wanda na ƙona ya isa a yi wa unguwa shayi.

Sai shekarun nan da kaya suka yi wuya, lokacin da ake kafa layi tun safe don sabulu da madara. An kawo wa Inna aikin bikin wata yarinya a Rafin Guza, ga almiski ya kusa ƙarewa, mutumin da take saye a wurinsa kuma ya ce babu. Ita ga zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta aike ki kasuwa, ke babba, ta ce ki zagaya ko za a dace.

Kika dawo da murnarki, kin samu a wurin wani mai tebur a bakin titi. Fari ne, dunƙule-dunƙule, yana ɗan ƙyalli, sak irin wanda Inna ke ajiyewa a gwangwani. Don kada ki tashe ta, ke kika daka, ke kika tankaɗe, kika zuba a kwalabe tare da garin sandal da soyayyen farce, ɓawon dabbar ruwan nan da ake sa wa turare, da madarar turare, kika toshe baki kika jera su a ƙarƙashin gado, kamar yadda kika ga tana yi. Ina tuna yadda kika share wurin tas kika wanke turmin, kina jiran ta warke ta yaba miki.

Ashe alif ya sayar miki, wanda ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta.

Ba a gane ba sai ranar da gwaggwannin amarya suka zo karɓar kaya. Inna ta buɗe kwalba a gabansu, ta kai hanci, na ga fuskarta ta canza. Humrar ta gurɓace, ƙamshin ba nauyi, da an shafa ya tashi. Wata a cikinsu ta goga a wuyan hannu ta yatsine fuska, ta ce ko an fara ha'inci ne a gidan nan. Kin san Inna, za ta jure yunwa, amma ba za ta jure a taɓa mata sunan sana'a ba.

Ko zaure baƙin ba su gama fita ba ta kira ki. Ta ɗebo ragowar almiski na gaskiya a hannu ɗaya, ragowar naki a ɗaya hannun, ta rufe kowanne da bakin zane, ta ce ki shinshina ki faɗa mata wanne ne wanne. Kika shinshina wannan, kika shinshina wancan, kika sake. Sannan kika ɗago da hawaye kika ce, "Wallahi Inna duk ɗaya ne, ba na jin komai."

Abin da ya tunzura ta ke nan. Da a ce kowa ya san hancinki a toshe yake, da an yi miki uzuri. Amma ke ce mai jiyo ƙaurin tuwon maƙwabta kafin mai tuwon ta ji. Ke ce mai cewa a kwashe shanya, hadari na tafe, kin ji ƙamshin ƙasa. Ke ake ba nono ki shinshina a san na yau ne ko na jiya. Inna ta ce, "Hancin da ka jiyo ƙaurin gidan wasu shi ne bai jin almiski a tafin hannuna? Ɗiyar nan, raini ne ko ƙarya?"

Sai ta ƙwala mini kira. Ina bakin ƙofar ɗaki, ban ma ƙaraso ba, na nuna hannun hagu. Matan haya suka sa shewa. Wata ta ce ga mai gadon sana'a nan, waccan hancin ado Allah ya ba ta. Sunan "hancin ado" ya bi ki, har yaran unguwa suka ɗauka.

Gaskiya na faɗa a ranar, Yaya. Hannun hagun ne, kuma daga ƙofa na ji shi. Da wannan na daɗe ina lallashin kaina, cewa ban yi miki ƙazafi ba, ban kai ƙararki ba, tambayata aka yi na amsa. Amma na san yadda kaina ya kumbura da shewar nan. Na san da wace irin tafiya na ratsa tsakar gida na koma wasana, kina durƙushe.

Daga ranar aka raba mana aiki. Ke daka, ke faskare, ke wankin kwalabe. Ni aka zaunar a gefen kasko, ina hamma, ana ɗura mini sirrin da ke kika yi shekaru kina leƙe. In Inna za ta faɗa mini awon haɗi sai ta rage murya, ke kuma sai ki ƙara ƙarfin taɓarya don kada a ce kina saurare.

Akwai ranar da muke ɗaurayar kwalabe a bakin famfo, kika ce mini ke duk zatonki almiski ba don ƙamshi ake sa shi ba, kamar kanwa ce a miya, aikinsa ya kama sauran kayan su zauna. Kika ce tun kina ƙarama in kin ga mata suna lumshe ido a kansa, kina ɗauka yanga ce irin ta manya. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ki bari, Inna ba ta nan, ba sai kin ci gaba da shirin ba. Kika dube ni, kika ci gaba da wankinki. Ba ki sake tayar mini da zancen ba.

Humrar aurenki ni na haɗa. Na zuba almiski har ya wuce ƙa'ida, wai in burge ki. Kika karɓa kika ce an gode. Bayan auren, kuna zaune a Katabu nan kusa da Kaduna, kina zuwa jefi-jefi, ki gaida Inna, ki yi mata wanki da kitso, amma ko kallon kaskon ba kya yi. Da maigidanki ya koma da ku Ƙaura sai zuwan ya zama na dole kawai.

Ranar da aka raba kayan Inna, babu wanda ya ma tambaya wa za a ba kasko da turmi da gwangwanaye. Aka turo su gabana. Kika ce, "Riƙe, Rabi, ke ce mai hanci." Ba da gatse kika faɗa ba, da ma da gatsen ne, da na samu abin riƙewa in yi fushi. Kika ɗauki carbinta kawai kika shiga mota.

To, ga abin da ya faru.

Kin san Ummi, 'yata ta fari, mai sunan Inna, wadda kika bari tana rarrafe. Ta girma, kuma kamar ke ta biyo wajen naci, da ta ajiye jakar makaranta sai gefen kasko. Kafin ƙaramar Sallar da ta wuce aiki ya yi mini yawa, na sa ta dakan almiski. Ta bar gwangwanin a buɗe, ɗaki ya cika har kaina ya fara sarawa. Na ce ta rufe mana kafin ƙamshin ya kashe mu. Ta ɗago ta ce wane ƙamshi.

Na ɗauka iya shege ne irin na yaran yanzu. Na dumbuzo na kai mata har hanci. Ta ja numfashi, ta sake ja, ta ce wallahi Mama ba ta jin komai.

Yaya, hannuna ya riga ya tashi sama. Kuma maganar da ta fito daga bakina ba tawa ba ce, ta Inna ce, har da "raini ne ko ƙarya". Baban Ummi ne ya shigo daga makaranta a daidai lokacin, ya ce in dakata. Na sauke hannun, don a fuskar yarinyar nan ke na gani a durƙushe.

Kin san shi, malamin kimiyya ne a sakandare, mutumin da ko ƙuda ya faɗa a shayi sai ya yi bayanin ƙafafunsa kafin ya cire. Da ya fara bayani na ce masa boko ya soma taɓa shi. Ya ƙyale ni na huce, washegari ya zaunar da ni da wata mujallar Turanci da ya aro a wurin abokin aikinsa, ya yi ta fassara mini.

Ya ce can saman kogon hanci akwai wani ɗan wuri da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, cike da ƙananan jijiyoyi masu gashi-gashi. A jikin gashin akwai wasu sinadarai da ake kira furotin, su ne masu cafke ƙamshi. Duk abin da yake da ƙamshi ko wari, ɓurɓushinsa ne da ido ba ya gani yake tashi a iska ya shiga hanci. In ya dace da siffar wani furotin sai ya zauna a cikinsa, kamar mabuɗi a kwaɗo, jijiyar ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. In bai samu wanda ya dace da shi ba, haka zai shiga ya fita, mutum bai san an yi ba.

Ya ce ba a daɗe da ganowa ba, a farkon shekarun nan ne, cewa waɗannan furotin ɗin iri-iri ne har ɗaruruwa, kuma kowane iri da ƙwayar gadon da take ƙera shi, irin ƙwayoyin da ɗa ke ɗaukowa daga uwa da uba, masu sa a ce wane ya ɗebo idon babansa. To a wurin wani, ƙwaya ɗaya sai ta zo da ɗan bambanci, furotin ɗinta ya fito a karkace ko ya ƙi fitowa sam. Sauran duka lafiya lau. Mutum ya ji ƙauri, ya ji hadari, ya ji tsamin nono, amma ƙamshi guda ya wuce shi har abada. Ya ce almiski na cikin waɗanda aka daɗe da sanin wasu mutane ba sa jin su, kuma abin yana bin jini.

Na tambaye shi wace ƙwayar ce ta almiski. Ya ce shi dai bai ga inda aka ce an gano ta ba tukuna. Na ce to da sauran aiki a gaban Turawan nasa. Bakina ne kawai yake tsiwa.

Ban yarda nan take ba, kin san taurin kaina. Sai na shiga gwada masu zuwa sayen kaya, in ce su shinshina mini wannan ko mai kyau ne. Yawanci tun kafin in buɗe suke yabawa. Wata ta ce tana ji sama-sama, kamar daga nesa. Sai matar wani malamin allo, wadda ta daɗe tana sayen humra a wurina, ta ja ta ja, ta yi dariyar kunya ta ce ita fa wannan farin abin ba ta taɓa jin komai a jikinsa ba, Malam ne yake so shi ya sa take saye. Mace mai jikoki, me za ta ci da yi mini ƙarya?

Ranar ban iya aiki ba. Na zauna ina lissafa abin da yake hannuna: sana'a, da suna, da yardar Inna, da zaman da na yi a gefenta har ta cika. Duk wani ɗan furotin ne da ban ƙera ba, ban roƙa ba, ban ma san yana nan ba, ya ba ni su. Shi ne kuma ya hana ki. Na ci na sha da abin da ba ƙoƙarina ba ne, har ina ganin na fi ki kula.

Ban rubuto don in tozarta Inna ba, Allah ya sani. Ita hancinta ta sani, ta ɗauka na kowa haka yake, kuma ba ta samu mai zaunar da ita da mujalla ba. Na tabbata da ta ji abin da na ji, da ƙafa za ta taka har Ƙaura. Ni ce kika gaya wa a bakin famfo, babu tsoron duka, babu abin da za ki samu. Ni ce ya kamata in ce to, ko da ban gane ba.

Ummi tana nan a gefen kasko, ban ɗaga ta ba. Ni nake sayo almiski, ita take aunawa da murfin kwalba, sauran aikin duk ta iya. Shi ke nan fa, Yaya, iyakar gyaran ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙinsa. Murfin kwalba ɗaya ya isa a ce yau mu biyu ne a kan sana'ar Inna.

Saura maganar Baba, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Ran nan da hantsi na kai masa kunu zaure, na kwashe duk labarin na faɗa masa, tun daga Ummi har bayanin babanta. Kin san lokacin da abin humrar amaryar nan ya faru yana hanyar Ikko da mota. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce in kawo masa almiskin ya gani. Na kawo, ya karɓa a tafin hannu, ya kai hanci, ya daɗe. Ya juya shi, ya murtsuke da yatsa, ya sake kaiwa.

Ya ce, "Wanga shi ne abin da uwarku ka sa ni sawowa in na bi ta Kano? Ni duk zatona gishirin aikin ne."

Shekara da shekaru yana ɗauko shi a aljihun rigarsa, yana kwana yana tashi a gidan da ake daka shi, bai taɓa jin ƙamshinsa ba. Babu wanda ya taɓa tambayar sa, shi ma bai taɓa tunanin akwai abin ji ba, harkar mata ce. Kuma ya faɗa mini abin da ban sani ba: da ya dawo daga tafiyar nan Inna ta kai masa ƙararki, ya kira ki zaure ya yi miki faɗa mai zafi, ya ce a zuri'arsa babu maƙaryaci.

Kunun nan har ya huce bai sha ba. Da azahar na aika masa da abinci, ya dawo yadda yake. Na leƙa na same shi ya juya fuska bango, almiskin yana damƙe a hannunsa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar nan, ko ranar da aka fita da Inna daurewa ya yi.

Da la'asar ya kira ni. Ya ce, "Rubuta ma Hajara. Ki ce mata hancina ta ɗauko. In akwai mai laifi ni ne, ni na ba ta, kuma ni na zage ta a kai." Na ce zan ba direba takarda. Ya ce a'a, a sa inda mutane za su gani.

To ga shi na sa. Matan da suka yi shewa a ranar, wasu sun rasu, wasu sun tashi daga unguwar, wasu suna nan kuma 'ya'yansu za su karanta musu. Ku ji: Hajara ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi raini ba, ba ta yi sakaci ba. Abin da hancinta ya gaya mata shi ta faɗa.

Ban ce ki dawo sana'a ba, Yaya, ban isa in mayar miki da shekarun da suka wuce ba. Ban ma ce lallai ki yafe mini yanzu ba, ki ɗauki lokacinki, ni mai jira ce. Amma Baba ba shi da lokacin da nake da shi. Jikin yana ja baya, abinci sai an yi da gaske, kuma tun ranar duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ya aiki yaro ya dubo ko ke ce. Na san wahalar mai da ake ciki, na san hanya ba daɗi. Ki daure.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata abin da ta yi cikin rashin sani, ya sa kabarinta ya fi ɗakinta ƙamshi. Allah ya ba Baba lafiya da tsawon kwanan da zai gan ki ya faɗa miki da bakinsa. Allah ya saka miki haƙurin da kika yi ke kaɗai, ya raya miki zuri'a, ya sa in sun faɗi gaskiyarsu a yarda da su tun a karon farko. Ni kuma Allah ya sanyaya zuciyarki a kaina. Amin.

Na karanta wa Baba takardar nan kafin in kai. Ya ce ta yi, amma in ƙara abu ɗaya: kada ki tsaya neman tsaraba, ki taho haka nan.

Ƙanwarki mai jin kunyarki,
Rabi,
Unguwar Shanu, Kaduna.